Ina Tsofaffin Jiragen Nan Suka Shiga? Yadda Zaka Bi Sawun Jirgi Har Ka Gano Ƙarshensa

Duk wanda ya taso a Kano tsakanin Kurna, Gwammaja, Fagge, Birged zuwa Jaba ya san ƙarar jirgi tun kafin ya san sunansa. Jumbo ɗin Kabo, wato Boeing 747, lokacin jigilar alhazai, BAC 1-11 mai azabar ƙara, 707 na Nigeria Airways, da na KLM da ya shafe shekaru yana sauka a nan kafin su tattara su bar Kano a 2012. To ina suka shiga? Ka tambayi mutum goma a majalisa, tara zasu ce maka "ai an yanka su an kai Ƙofar Ruwa". Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma jirgin da ake rantsuwa an yanka yana can wata ƙasa da sabon fenti da sabuwar lamba, ko yana gidan tarihi yara na shiga suna ɗaukar hoto.

Akwai masu wannan sha'awar a duniya da yawa, sun rubuta tarihin jirage ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka ƙera, wanda ya fara saya, wanda ya karɓi haya, komai tsaf. Amma ka lura da wani abu: da zarar jirgi ya shigo Najeriya sai labarin ya fara yankewa, sai kaga an rubuta "an gan shi a ajiye a Kano" da shekara da alamar tambaya, shikenan. Su ba sa nan, mu muna nan. Wannan gurbin namu ne, kuma garin da jirgi ya fara sauka a cikinsa tun Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar, bai kamata a ce labarin jiragensa sai wani daga Holan ya ba mu ba.

Ka fara da jirgi ɗaya tak

Kar ka ce zaka bi duk jiragen Kabo ko duk na kamfanin Okada Air, wallahi zaka gaji ka watsar. Ɗauki ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka buɗe tsohon albam na gida, hoton rakiyar Alhaji ko Hajiya a gindin jirgi, ko hoton wani kawu da ya yi aiki a filin jirgi, ko yankin tsohuwar jarida. Abin da kake nema haruffa ne, wato lambar rajistar jirgin, galibi a jiki kusa da wutsiya, ko ƙarƙashin fiffike, wani lokacin kuma haruffa biyu na ƙarshe a murfin tayar gaba. Ka ɗauki hoton hoton da waya cikin haske mai kyau ka zuƙo shi sosai. Ko haruffa biyu ka samu tare da irin jirgin da launin fentinsa, aiki ya fara.

Haruffan farko ƙasa suke nunawa. 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TT Chadi, TJ Kamaru, ST Sudan, HZ Saudiyya, G Ingila, N Amurka, PH Holan, JY Jodan, C Kanada. In hoton na kafin samun 'yancin kai ne zaka ga VR-N, lambar Najeriya ce ta zamanin Turawa, irin ta jiragen WAAC, kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma da ya yi aiki daga 1946 zuwa 1958 kafin Nigeria Airways ya gaje shi.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, musamman kan jiragen aikin hajji. Sunan da aka rubuta a jikin jirgi ko a tikiti ba lallai shi ne mai jirgin ba, dan jigilar alhazai shata ake yi sosai. Jirgin da ya yi hatsari a filin jirgin Kano ranar 22 ga Janairu 1973 da alhazai, mutum 176 suka rasu, Nigeria Airways ne ya ɗauko shi shata amma 707 ne na kamfanin Alia na Jodan, lambarsa JY-ADO. Haka wanda ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, mutum 261, DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada mai lamba C-GMXQ. Allah ya jiƙansu da rahama. In ka tsaya nema a cikin jerin jiragen 5N har abada bazaka same su ba.

Lambar da ba ta canzawa

Wannan shi ne kan maganar gaba ɗaya, in ka riƙe shi ka riƙe rabin aikin. Lambar rajista kamar lambar mota ce, ana cirewa a sa wata, ita kuwa lambar ƙira kamar lambar shasi ce, da ita aka fito daga masana'anta da ita za a mutu. Jirgi ɗaya zai iya sauya rajista sau biyar sau shida a rayuwarsa, kuma a wasu ƙasashen, musamman Amurka, in jirgi ya bar rajista ana iya ba wani jirgin daban lambar da ya bari, sai ka zo ka haɗa tarihin jirage biyu ka ɗauka ɗaya ne. Ingila ba su cika maimaita lamba ba, shi ya sa bin nasu ya fi daɗi.

A shafukan intanet zaka ga an rubuta msn ko c/n, duk lambar ƙirar ake nufi. Boeing suna da wata kuma l/n, wato jirgi na nawa ne a layin ƙira. A jikin jirgin kuwa tana kan wani ɗan faranti na ƙarfe da wuta ba ta ci, galibi a bakin ƙofar shiga ta gaba ko bayan kujerar matuƙa ko can kusa da wutsiya. Dan haka da ka samu rajista, abu na gaba shi ne ka nemo msn, ka rubuta shi a saman takardarka da babban baƙi, daga nan duk binciken da zaka yi da shi zaka yi, ba da 5N ɗin ba.

Misali mai sauƙi: VC10 na Nigeria Airways mai lamba 5N-ABD da ya faɗi kusa da Legas ranar 20 ga Nuwamba 1969, mutum 87. In ka nemi hotunansa da 5N-ABD kaɗan zaka samu, dan bai daɗe da wannan lambar ba. Amma asalinsa na BOAC ne, tsohon kamfanin jiragen Ingila, mai lamba G-ARVA, da ka sa wannan sai hotuna su fito. Jirgi ɗaya ne, suna biyu.

Masu bin DC-3 kuma su yi hattara, akwai wasu C-47, wato samfurin soja na DC-3, da ke ɗauke da lambar ƙira biyu saboda an maimaita lambobi a masana'anta lokacin yaƙi aka dawo aka sake musu, shi ya sa zaka ga an rubuta lamba biyu da karan tsaye a tsakani. Ba kuskuren mai rubutu bane. Kuma da yake an ƙera sama da 16,000 in ka haɗa da na Rasha da na Japan, ruɗani a cikinsu ba a magana.

Sirrin da ke cikin sunan Boeing

Wannan ɓangaren ni ya fi burge ni, dan ba ka buƙatar ko data. Tsofaffin Boeing suna ɗauke da lambar wanda ya fara sayensu a cikin sunansu, kuma ba ta canzawa ko an sayar da jirgin sau goma. In kaga 747-251B, to 2 ɗin samfurin 200 ne, 51 ɗin kuma kamfanin Northwest na Amurka ne. Kaga kenan jumbo ɗin Kabo masu 251B daga Northwest suka fito. Na Max Air masu 747-346 daga Japan Airlines, dan 46 nasu ne. 36 na BOAC ne da British Airways, 06 na KLM, 21 na Pan Am, 22 na United, 23 na American. Namu kuma F9, na Nigeria Airways: 707-3F9C, 727-2F9, 737-2F9. Duk inda kaga F9 a duniya, ko da fentin wa yake, to sabo dal aka ƙera wa Najeriya shi, a lokacin da muke sayen jirgi sabo a leda. Boeing sun daina wannan tsarin a sababbin jirage irin su 787 da 737 MAX, amma mu da tsofaffi muke bi babu ruwanmu.

Ɗauki 5N-ABK ka gwada. 707-3F9C ne, kaga F9, Nigeria Airways ne mai shi na farko. Ka bi shi zaka tarar ƙarshensa ba nisa da mu: ranar 19 ga Disamba 1994 yana ɗauke da kaya daga Jidda zuwa Kano ya faɗi a yankin Kiri Kasamma, jihar Jigawa. Irin wannan shi ne bincike mai gajeren zango, ka fara da shi dan hannunka ya faɗa.

Inda zaka duba a intanet

In jirgin mai injin jet ne, shafukan Planespotters da Airfleets da rzjets suna da jerin jirage bisa msn, kowane da masu shi a jere da kwanan wata. Ba kowane shafi ke da kowane samfuri ba, tsofaffi sosai irin su 707, BAC 1-11 da Caravelle rzjets ya fi kama su. In kana zargin hatsari ne ƙarshensa ka shiga Aviation Safety Network ka sa rajistar, suna da hatsarurruka tun na zamanin da, har wanda ba a rasa rai ba. Na Amurka hukumar FAA tana da rajistarta a buɗe kyauta, na Ingila kuma G-INFO, har da tsofaffin katunan rajista da aka ɗauki hotonsu. Jiragen Rasha, Antonov da Ilyushin da suka yi ta jigilar kaya a Afirka, ƙungiyar Scramble ta Holan tana da rumbu na musamman a kansu. Masu farfela kuwa, DC-3, DC-4, DC-6, Constellation, littattafai da jerin ƙungiyar Air-Britain su ne madogara. Na Najeriya, hukumar NCAA ce ke riƙe da rajista, rahoton binciken hatsari kuma NSIB, wadda a da ake kira AIB.

Flightradar24 fa, manhajar da ke nuna jiragen da ke sama? Yana da amfani ne kawai in jirgin yana tashi har yanzu. Jirgin da ya shekara ashirin a ciyawa bazai fito ba, rashin ganinsa a can ba hujjar komai bace.

Zaka ci karo da gajerun haruffa da zasu ɗaure maka kai, ga waɗanda suka fi yawa. wfu an daina aiki da shi. std yana ajiye. b/u ko scr an yanka. w/o ko dbr ya lalace a hatsari har gyara ba riba. pres an adana shi a matsayin kayan tarihi. ex tsohuwar lambarsa. ntu an ware masa lambar amma ba a taɓa amfani da ita ba, wannan ta ƙarshen tana yaudarar mutane sosai, ka ɓata lokaci kana neman hoton jirgi da lambar da ba a taɓa fenta masa ba.

Abin da nake so ka sa a ranka shi ne shafukan nan suna kwafar juna. In shafi uku suka ce an yanka jirgi a shekara kaza, ba lallai shaida uku bane, yana iya zama mutum ɗaya ne ya faɗa sauran suka ɗauka. Kuma wfu ba b/u bane, tsakanin daina tashi da yankawa ana iya shekara goma sha.

Buɗe littafi

Ko littafin makaranta mai layi ko Excel, duk ɗaya. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, rajista, mai jirgin, gurin da yake, halin da yake ciki, da kuma wa ya faɗa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke tsallakewa kuma shi ya fi komai. Ka raba abin da ka gani da idonka ko a hoto mai kwanan wata, da abin da takarda ta ce, da abin da aka ce wai. Duk ka rubuta su, amma kar ka cakuɗa.

Hoto da tauraron ɗan adam

JetPhotos da Airliners.net suna da hotuna masu kwanan wata da guri. Ka sa rajista, ka sa tsofaffin rajistocin ma ɗaya bayan ɗaya, ka jera hotunan daga na farko zuwa na ƙarshe. Hoton ƙarshe shi ne ma'auninka: akwai injuna ko an cire, an toshe tagogi, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a gindi. Jirgin da aka cire wa injuna da ƙafafu da wuya ya sake tashi, wanda aka rufe wa bakin inji da kyau kuwa mai shi bai fid da rai ba tukun. Ka riƙa duba bayan hoton ma, sau da yawa jirgin da kake nema yana can baya a hoton wani jirgin daban, wutsiyarsa kawai ta leƙo.

Sai Google Earth. Akwai gurin da zaka danna ya nuna maka tsofaffin hotunan guri shekara bayan shekara, a kwamfuta alamar agogo ce, yanzu har a waya sun sa. Ka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano ka ja baya, zaka ga manyan jirage a ajiye gefe, ka matso gaba kaga wani ya koma gefe, wani an cire masa fiffike, wani babu shi sai tabon inda ya tsaya. In yana nan a hoton wannan shekarar babu shi a na gaba, ka samu tsakanin lokacin da ya ɓace, amma ba ka san ko tashi ya yi ko yanka shi aka yi ba sai kaga gutsattsari a ƙasa. Hotunan lokacin hazo ba sa fita sosai, ka nemi na bayan damina.

Daga sama ba a ganin rajista sai in an rubuta ta babba a kan fiffike, dan haka awo zaka yi da abin awon da ke cikin manhajar. 747-200 tsawonsa wajen mita 70 ne, faɗin fiffike wajen mita 60, shi kuma 747-400 fiffikensa ya haura mita 64 kuma bakinsa a tanƙware yake sama. 707 inji huɗu a fiffike, tsawo wajen mita 46. 727-200 shi ma wajen mita 46 ne amma injunansa uku duk a baya suke, fiffike fes babu komai. 737-200 wajen mita 30, inji biyu sirara manne da fiffike. BAC 1-11 da DC-9 suna kama sosai daga sama, dukkansu inji biyu a baya, a nan sai ka haɗa da tarihin kamfanonin da suka zauna a gurin. DC-3 kuwa fiffikensa mita 29, jikinsa bai kai 20 ba, baya ɓuya.

Kar ka tsaya a Kano kawai. Ka leƙa Legas, Kaduna, Benin inda BAC 1-11 na Okada suka daɗe a jere. Bayan hatsarin BAC 1-11 na kamfanin EAS a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, wanda ya ci sama da mutum 100 har da na cikin gidajensu, gwamnati ta dakatar da BAC 1-11, dan haka da yawansu inda suka tsaya a wannan shekarar nan suka ƙare. A 2013 kuma FAAN, hukumar filayen jiragen sama, ta sa aka shiga yanka jiragen da aka yasar a filaye, in jirginka ya ɓace daga hoto a wannan tsakanin ka san inda zaka fara zargi. A waje kuma akwai maƙabartun jirage, Mojave da Victorville da Marana da Roswell a Amurka inda busasshiyar iska ke hana tsatsa, Teruel a Sifen, Kemble a Ingila.

Mutane, wanda shi ne namu

Duk abin da na faɗa a sama wani a Landan zai iya yinsa a ɗakinsa. Abin da bazai iya ba shi ne ya je ya zauna da tsohon injiniyan Kabo ko na Nigeria Airways da ya yi ritaya, ko tsohon direban motar mai, ko mai lodin kaya, ko ma'aikacin hasumiya. Suna nan cikin gari, ana haɗuwa da su a masallaci da gurin ɗaurin aure. Su ba da msn suke tuna jirgi ba, da haruffan ƙarshe suke kiransa irin kiran matuƙa, ko da wani abu da ya faru, "wanda tayarsa ta fashe a Jidda", "wanda muka cire wa inji muka sa wa ɗan uwansa".

Ka je ta hannun wanda ya san shi, kar ka faɗo masa haka kawai da waya a hannu. Ka gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, tarihin jiragen da kuka yi aiki da su nake tattarawa, dan Allah ko zaka tuna wannan?" sai ka miƙa masa hoton. Hoto yana buɗe baki fiye da tambaya. Kar ka ce masa "an ce an yanka shi a shekara kaza ko?", zai ce maka eh dan kunya ko dan ya huta, ka ce "ina ya ƙare, Baba?" ka yi shiru. Shekara kuwa kar ka matsa, ka tambaye shi zamanin wane gwamna ne, kafin hatsarin Gwammaja ko bayansa, kafin a rufe Nigeria Airways a 2003 ko bayan nan, kai ka je ka lissafa. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, kuma in ya fara maganar fansho da haƙƙinsu ka saurara, ba ɓata lokaci bane, a tsakiyar wannan hirar ake faɗo abin da ka zo nema. In Allah ya taimake ka yana da tsohon littafin aikinsa da yake rubuta jiragen da ya taɓa, ko matuƙi mai littafin awannin tashi, to ka samu abin da babu shi a kowane shafi, ka roƙi ɗaukar hoton shafukan a gabansa, kar ka ce ya ba ka aro.

'Yan gwangwan ma suna da labari. Manyan dilolin da ke sayen ƙarfe da alminiyam sun san lokacin da aka yi gwanjon jirgi, wa ya saya, tirela nawa aka yi. Alminiyam ɗin narkewa yake ya zama wani abu, amma kujeru, ƙofofi, akwatunan abinci da kekunan tura abinci suna yawo a gari, kuma wasunsu suna ɗauke da tambarin kamfani ko ɗan lambar da aka manna. Sai dai ka sani kujera tana yawo daga jirgi zuwa jirgi, ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Farantin lambar ƙira ne kawai yanke magana.

Na takarda kuma akwai tsofaffin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'i. Tallan gwanjo da labarin isowar sabon jirgi sukan zo da hoto. Wanda ke son zurfafawa zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, Kano zango ce a hanyar da ake harhaɗa jirage a Takoradi ta Gana a biyo da su Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yanzu, Khartum har Alƙahira.

Gargaɗi, kuma da gaske nake

Filin jirgin Kano ba gurin wasa bane, akwai sansanin sojan sama a ciki. Kar ka je jikin waya kana ɗaga kyamara, kar ka tsallaka, kar ka tashi jirgi mara matuƙi ko kusa da gurin, kar ka ba wani na ciki kuɗi ya shigar da kai ta bayan fage, zaka jefa kanka da shi a masifa. In kana son ganin jirgi kusa ka rubuta takarda zuwa ga hukumar filin da kamfanin da ke da jirgin, ka faɗi ko kai waye da dalilinka, in da takardar makaranta ko ƙungiya ya fi. In an ce a'a, a'a ne. Jirgin soja kuma ka bar shi kwata-kwata. Kuma jirgin da ke ajiye yana da mai shi, wani ma yana gaban kotu kan bashi, cire ko ƙusa ɗaya sata ce.

Kar ka yi saurin binne jirgi

Ƙarshen jirgi baya wuce hatsari, yanka, ajiya, gidan tarihi, ko kuma yana tashi har yau. Ni dai ra'ayina kar ka rubuta "an yanka" sai da hoto ko shaidar wanda ya gani da shekara, in babu ka rubuta "ganin ƙarshe" da guri da kwanan wata ka bar shi a buɗe. Dalili kuwa jirage suna dawowa. DC-6B da aka ƙera a 1958 ya ɗauki Shugaba Tito na Yugoslabiya, ya koma Zambiya yana ɗaukar Kenneth Kaunda, ya yi shekaru a yashe a Lusaka, aka kai shi Namibiya ya koma aiki, a 2000 Red Bull suka saye shi suka gyara, yanzu yana Salzburg ta Ostiriya yana tashi. C-47 mai suna That's All, Brother da ya jagoranci jiragen da suka zuba sojan lema a Normandi ta Faransa a 1944, a harabar kamfanin Basler a Oshkosh ta Amurka aka gano shi yana layin a sauya masa fasali, lambarsa ta soja 42-92847 ce ta tona shi, aka gyara har ya koma Normandi a 2019. Shi Basler ɗin aikinsa kenan, ya ɗauki tsohon DC-3 ya ƙara masa tsawo ya sa sababbin injuna ya koma BT-67, sojan saman Mali da Muritaniya sun yi aiki da irinsu. A Kanada Buffalo Airways na aiki da DC-3 da C-46, a Alaska Everts na jigila da DC-6.

Wasu kuma suna nan amma ba tashi. Constellation biyu da suka yi jigilar kayan agaji lokacin yaƙin basasar Najeriya sun shekara da shekaru a kusa da filin jirgin Sao Tome. VC10 guda 54 kacal aka ƙera, akwai a Duxford da Brooklands a Ingila. Irin Argonaut na BOAC, wanda ɗaya daga cikinsu G-ALHE ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Kano cikin hadarin ruwan sama ranar 24 ga Yuni 1956 mutum 32 suka rasu, duk danginsu ɗaya ya rage a duniya, yana gidan tarihin jirage na Ottawa. Akwai ma wanda ba a san inda ya shiga ba sam, 727-223 mai lamba N844AA da aka tashi da shi daga Luanda ta Angola ranar 25 ga Mayu 2003 ba izini, har yau shiru. Kaga 23 ɗin nan ko, tsohon na American ne.

In ka gama, ka fitar da shi

Abin da ka samo kar ya tsaya a littafinka. Yawancin shafukan nan suna da gurin aika gyara ko adireshin imel. Ka rubuta gajere: msn, rajista, abin da suka rubuta, abin da ka samo, da hujjarka, hoto ne mai kwanan wata, yankin jarida ne da ranar fitowarsa, ko shaidar wanda ya yi aikin da hannunsa. Sunan dattijon da ya ba ka labari kar ka sa sai ya yarda, ka ce tsohon injiniyan kamfanin ne ya wadatar. Hoton albam na gida kuma ka nemi izinin masu shi, in akwai fuskokin iyali ka yanke su ka bar jirgin. Sannan ka rubuta shi da Hausa ka sa a Facebook da hoton da lambar a fili, ka ce wanda ya san wani abu ya faɗa, dan sau da yawa a nan ɗan wani tsohon matuƙi zai fito ya ce akwai wasu hotunan a akwatin babansu, sai ka karɓi kwatance ka shirya zuwa gaisuwa.